Sallah a Zango: Tsakanin Ɗan Ci-rani da Mai Jakar Goyo

 

Turawan arewacin duniya suna da wata al'ada da kan ba Bahaushe mamaki idan ya fara jin labarinta. Da zarar watan Disamba ya kama, sanyi ya tsananta, rana ta riƙa faɗuwa a birnin Landan tun kafin ƙarfe huɗu na yamma, sai ka ga matasansu sun cusa 'yan tufafi a jakar goyo sun nufi ƙasashe masu ɗumi, domin bikin Kirsimeti ya riske su a can. Wasu su sauka a Bankok ta ƙasar Tailan, a titin Khao San inda ɗakunan kwana masu araha suke jere, mutum takwas ko goma a ɗaki guda bisa gadaje masu hawa biyu. Wasu su zarce Sidni ta Ostireliya, inda Disamba yake tsakiyar zafi, su yi bikinsu a kan rairayin bakin teku na Bondi tare da baƙi 'yan'uwansu. Tun daga 1973, lokacin da Tony Wheeler da matarsa Maureen suka buga ɗan littafin da ya zama tushen kamfanin Lonely Planet, irin wannan yawo na mai ƙaramin guzuri ya zama harka mai zaman kanta, da masaukanta da littattafanta da dillalanta.

Yanzu da waya ta kawo duniya cikin tafin hannu, ɗalibanmu na jami'a da kwaleji suna ganin hotunan waɗannan mutane, har wasu sun fara tambaya ko laifi ne mutum ya ɗauki jakarsa a hutun Sallah ya je ya ga Kwatano ko Akara. Amsar da suka fi samu daga manya ita ce wannan ɗabi'ar Nasara ce, ɗan halak ba ya yin Sallah a wani gari alhali iyayensa suna raye. Ina girmama masu wannan magana, amma ina gayyatarsu mu leƙa ƙauyukan Dambatta da Makoɗa da Kunci da Tsanyawa da Bici a safiyar Ƙaramar Sallah ta 'yan shekarun nan, mu dubi sahun masallacin Idi. Akwai tsofaffi, akwai yara sanye da sabon ɗinki, amma tsakanin mai furfura da mai wasan ƙasa akwai giɓi babba. Majiya ƙarfin suna Agege da Idi-Araba da Alaba Rago a Legas, suna Sabo ta Badun, suna Fatakwal, wasu sun ƙetare iyaka zuwa Kumasi da Abijan. Jakarsu ta bakko ce ko Gana-mas-go, ba ta da maɗauri mai laushi irin ta Bature, amma ta fi tasa sanin hanya.

Dalilin wannan giɓi lissafi ne mai sauƙi, kuma ya kamata kowa ya riƙe shi kafin ya yanke wa wani hukunci. Shekarar wata tana gaza shekarar rana da kwana 10 ko 11, saboda haka Sallah tana ja da baya a kan yanayin shekara har ta kewayo inda ta taso cikin kimanin shekara 33. Daga 2010 zuwa 2019 Ƙaramar Sallah ta riƙa faɗowa tsakanin Satumba da Yuni, wato cikin damina, lokacin da kowane manomi yake gida ko da ba don Sallah ba, domin gona ta riƙe masa ƙafa. Yaron da ya yi wayo a waɗannan shekaru ya tashi da zaton cewa haka duniya take, Sallah tana zuwa gida ya cika. To amma a 2024 an yi ta ranar 10 ga Afrilu, a 2025 ranar 30 ga Maris, kuma zuwa 2030 za ta kai farkon Fabrairu, tsakiyar hunturu ke nan. Babbar Sallah ma tana biye da ita: an yi layya ranar 6 ga Yunin 2025, daga nan sai Mayu, sai Afrilu. Ma'ana, shekaru masu yawa da ke tafe Salloli biyun duk cikin rani za su faɗo. Iyayenmu sun ga irin wannan a ƙarshen shekarun 1990, sa'ad da aka riƙa sallar azumi a Janairu da Fabrairu, sai dai mutanen ƙauye ba su kai yawan na yau ba, gonaki kuma ba su tsuke kamar yanzu ba.

Wanda bai san ƙasar nan ta arewacin Kano ba zai iya cewa, to me ya hana su zama? Ƙasa ce da ba a san hutun gona a cikinta ba. Daga Ungogo zuwa Minjibir zuwa Dawakin Tofa, gona tana jingine da gona, gida yana hango gida, babu dajin da za a sara a ƙara fili. Masanin nan Michael Mortimore ya shafe shekaru tun daga 1960 da 'yan kai yana nazarin yadda mutanen kewayen Kano suke noma fili ɗaya kowace shekara ba tare da ya mutu ba, ya kuma nuna cewa sirrin yana ga taki da dabbobin gida da itatuwan da ake bari a gona da haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a kunya ɗaya. Amma hikima ba ta ƙara wa gona faɗi. Gandun da kaka ya noma shi kaɗai an raba wa 'ya'ya, an sake raba wa jikoki, har ta kai wani abin da ya gada bai fi a tsaya a wannan gefe a yi magana da na wancan gefe ba. Ruwan sama wata huɗu ne, da ƙyar ya kai biyar. Waɗanda Allah Ya zaunar kusa da madatsar Tomas ko Watari ko Jakara suna da noman rani, sauran kuwa da an gama kaka an ɗaure dami an zuba a rumbu, sai zaman jira. Sunan abin ma ya faɗi manufarsa: ci-rani, mutum ya je ya cinye rani a wani wuri domin hatsin rumbu ya kai iyali ga sabuwar damina. Bakin da ya tafi ya rage wa rumbu nauyi tun kafin ya aiko da ko sisi.

Saboda haka ra'ayina a kan ɗan ci-rani ba shi da kwana-kwana. Idan zuwa gida Sallah zai sa ya ci bashi ko ya taɓa kuɗin taki, ya yi zamansa, kuma kada wanda ya kira shi marar zumunci. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya zama abin da ake zama a yi shawara a kansa, ga shi kuma a makon Sallah direbobi suna ƙara nasu. Tsakanin Legas da Kano tafiyar kimanin kilomita dubu ce. Idan aka haɗa kuɗin zuwa da na komawa, da tsarabar da kunya ba za ta bari a shigo gida babu ita ba, da ɗinkin da za a fita da shi don kada a ce wane ya dawo a tsiyace, da goron Sallah na 'ya'yan 'yan'uwa, abin yakan haɗiye kuɗin buhun taki har ya nemi ƙari. Kwana uku ana sha'ani, rana ta huɗu a koma tasha da aljihu wayam, a sake farawa daga tushe alhali saura wata biyu ko uku a yi shuka. Na sha ganin gonar da aka gane tun daga bakin hanya cewa mai ita ya yi Sallah mai kyau, domin dawarta ta yi ja tun tana ƙarama. Ban ma kawo zancen hanya ba, da yadda ake lodin mutane a bayan tirela tare da babura a irin waɗannan ranaku.

Addini bai ɗora wa kowa wannan nauyi ba. A mazhabarmu ta Malikiyya sallar Idi sunna ce mai ƙarfi, kuma duk inda Musulmi suka taru ana yin ta. Ba a shardanta cewa sai a garin haihuwa ba. Abin da yake wajibi shi ne zakkar fid-da-kai, mudun Annabi huɗu a kan kowane mutum, kansa da waɗanda ciyar da su take wuyansa. Malamai sun so matafiyi ya fitar da tasa a inda yake, sun kuma halatta iyalinsa su fitar masa a gida idan ya bar wasiyya ko haka suka saba. Dubi yadda shari'a ta yi tanadin mutumin da Sallah za ta riska a hanya tun ƙarnoni da suka shuɗe, mu kuwa muna nema mu mai da shi mai laifi.

Kada a ɗauka ina cewa babu abin da ake rasawa. Akwai, kuma mai nauyi ne. Zumunta a ƙafa take, ba a cikin waya ba. Ranar Sallah ce ranar da wa da ƙane da suka yi wata shida ba sa ga-maciji saboda iyakar gona suke haɗuwa a zauren mahaifinsu, kunyar tsoho ta sa su gaisa. Ranar ce ake kai tuwo gidan surukai, a ga yarinyar da aka kai wa toshi, a tsai da maganar aure bayan kaka. Matar da mijinta ba ya nan ita ce za ta san yadda ta yi da kitso da lalle da takalman yara, ta kuma amsa tambayar ƙaraminsu da ke son sanin dalilin da ya sa baban su wane ya dawo nasa bai dawo ba. Uwa kuwa ba za ta ce komai ba. Idan ɗan fari ne ma ko sunansa ba za ta kama ba, in ya bugo waya ya ce, "Inna, barka da Sallah," iyakarta ta ce, "Barkanmu dai, ya wajen naku? Allah Ya yi albarka," ta miƙa wa ƙannensa wayar. Wanda ya san alkunya ya san abin da ke cikin wannan gajeriyar amsa. Abin da nake cewa kawai shi ne wannan rashi, duk zafinsa, ya fi sauƙi a kan rumbun da zai ƙare a watan Agusta.

Akwai kuma layin da in an tsallake shi magana ta canja. Ɗan ci-rani na gaskiya kamar shamuwa yake, wadda kan yi ƙaura kudu idan rani ya shigo, amma ba a taɓa yin shuka ba ta dawo kan bishiyar garin ba. Kafin gawo ya zubar da ganyensa, kafin hadarin farko ya haɗo daga gabas, ya kamata a gan shi yana kai taki gona da mangala ko amalanke, yana shara, yana gyaran danga. Wanda Sallah ta wuce bai zo ba, shuka ta wuce bai zo ba, aike ya yanke, lambar waya ta daina shiga, wannan ba ci-rani yake ba, ya shiga uwa duniya, kuma a kansa ne Hausawa suka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Mu koma kan ɗalibin da ke son ɗaukar jakar goyo don ganin duniya. Abin da zan fara gaya masa shi ne ba daga Bature zai koyi wannan ba, gadon gidansu ne. Fataken Kano sun yi ƙarnoni suna bin hanyar Gwanja, ayari guda da madugu da jagaba da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi, su dawo da goro daga kasuwar Salaga, tafiyar da kan ci watanni. Azumi da Sallah a hanya suke riskar su. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, Hausawanta suka bazu zuwa Kete-Karachi da Kumasi da Akara, wadda tsofaffi kan kira Ankara. Alhaji Umaru, babban malami kuma marubucin da aka fi sani da na Salaga, haifaffen Kano ne, a Kete-Karachi ya rasu a 1934. Alhassan Ɗantata kansa ya yi zaman fatauci a ƙasar Gana kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 cinikin gyaɗa ya buɗe. Ban da alhazan ƙafa da suka riƙa ratsa Chadi da Sudan, suna noma a hanya suna tara guzuri, wasu su yi Salloli goma kafin su ga Ka'aba.

Abin da waɗannan mutane suka bari shi ne zango, kuma shi ne abin da Bature mai jakar goyo ba shi da irinsa. Shi yana biyan kuɗin gado ne a ɗakin da bai san kowa ba, ya yi biki da mutanen da gobe ba zai sake ganinsu ba. Kai kuwa in ka sauka a Nima ko Mamobi ko Sabon Zango a Akara, ko unguwar Zango a Kwatano, da Hausa za ka tambayi hanya, a nuna maka masallaci, a nuna maka gidan Sarkin Zango. Da safe ka sha koko da ƙosai, wanda mutanen Gana da kansu suke jingina wa Hausawa. Da rana ga shinkafa da wake da suke kira da sunan da ya samo asali daga kalmarmu ta wake. Da dare ga tuwon zafi. Salloli biyun duk ranakun hutu ne a ƙasar, ana kuma yin babban Idi a Dandalin 'Yanci da ke bakin teku. Babban Limamin ƙasar da aka daɗe ana ji da shi, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka haifa a 1919, jinin Hausawa ne. A unguwar Kanda akwai babban masallacin ƙasa da Turkawa suka gina, aka buɗe a 2021. Zafin garin ba irin namu ba ne na bazara mai busar da leɓe. Gumi ne mai danƙo da ba ya bushewa, ga iskar teku da yamma. Ɗalibin da ya yi Sallah ɗaya a can zai ji Hausar da ta sha ruwan wasu harsuna, zai ga yadda Musulmi suke zama a inda ba su ne masu rinjaye ba, zai kuma gane cewa harshensa ya fi ƙasarsa faɗi. Babu lacca a aji da za ta ba shi wannan. Gani ya kori ji.

Sai dai ina da sharuɗɗa, kuma ba na sassautawa a kansu. Kuɗin tafiyar ya zama guminsa ne, ba akuyar Inna aka kai kasuwar Dambatta ba. Bambancin da ke tsakaninsa da Baturen da yake kwaikwayo ke nan da ba a gani a hoto: wancan daga rara yake yawo, a bayansa akwai albashi da inshora da ofishin jakadancin da zai neme shi in ya ɓata. Ya nemi izinin iyaye da bakinsa, a zaune, ba ta saƙon waya bayan mota ta wuce Zariya ba. Ya kuma san ladabin baƙunta. Zango ba otal ba ne. Mutanen Nima talakawa ne masu fama da tsadar ɗaki, kuma haƙƙin baƙo a Musulunci kwana uku ne, abin da ya ƙaru sadaka ce. Ya riƙe 'yar tsaraba, ko kilishi ko daddawa ko kuka, domin wanda ya shekara ashirin rabonsa da gida ya fi murna da ƙullin daddawar Kano a kan turare. Da ɗan gari akan ci gari, amma ɗan gari ma yana duba wanda zai ja a jiki.

Sannan takardu. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba har kwana 90, amma ba ta ce a tafi hannu rabbana ba. Ana bukatar fasfo ko takardar tafiya ta ƙungiyar, da katin rigakafin shawara. Daga Legas zuwa Akara iyaka uku ce: Seme, sannan tsakanin Benin da Togo, sannan Aflawo, kuma kuɗi zai sauya a hannunka daga naira zuwa sefa zuwa sidi, kowane canji da ɗan abin da yake ci. Marar takarda shi ne abincin kowane shinge. Tarihi ma ya isa gargaɗi: a ƙarshen 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa izinin zama mako biyu su bar Gana, Hausawa da Yarabawa da yawa suka dawo da abin da hannu zai iya ɗauka, a 1983 Nijeriya ta yi wa 'yan Gana irin wannan, har jakar da 'yan ci-raninmu suke ɗauka yau ta samo sunanta daga nan. Ko a kwanan baya an rufe iyakokinmu na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, kuma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Mai niyyar bi ta Maraɗi ko Damagaram ya tambayi halin da ake ciki a makon da zai tashi, kada ya dogara da labarin bara.

Hanyar da ba na yi wa kowa fatan bi ita ce ta hamada. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace, kuma da yawansu daga yankin Kance suka fito, nan bayan Daura. Duk wanda ya zo maka da zancen wata ƙasa mai daɗi, ya ce ba sai da takarda ba, shi zai biya maka mota ka biya shi daga baya, ba madugu ba ne.

Ga mu da muke gida kuwa, akwai ɗan abin da za mu iya. Limaman Idi na ƙauyuka su riƙa sanya matafiya cikin addu'a da sunan matafiya, a ji a bainar jama'a cewa gari bai manta da su ba, bai kuma ɗauke su masu laifi ba. Maƙwabci ya leƙa gidan da maigidan ba ya nan, ya tafi da yaran masallacin Idi tare da nasa, a kai wa matar tuwon Sallah kamar yadda za a kai in mijin yana zaune a ƙofar gida. Iyaye kuma su daina auna ɗa da ɗan maƙwabci da ya sauko daga mota da akwati mai taya, domin ba su ga takardar bashin da ke aljihunsa ba. Idan yaro ya bugo ya ce, "Baba, bana ba zan samu zuwa ba, amma na turo na hatsin fid-da-kai da na ɗinkin yara, sauran na ajiye na taki," amsar da ta dace da shi ita ce a sa masa albarka, a tambaye shi wane mako zai shigo, domin a san ranar da za a fara kwasar takin turke zuwa gona.

Sai mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.